Ɗan Yauri a Bahar Rum

Ba zan taɓa mantawa da hutun da muka yi a bakin Bahar Rum ba, ko da na so in manta, domin akwai mutane a jihar Maryland ta Amurka da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini.

Bakina ne ya jawo komai. Ni ɗan Yauri ne, idan ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango kogin Kwara. Duk wanda ya ji haka sai ya ɗauka a cikin ruwa na koyi rarrafe. Gaskiyar magana kuwa, har na haura shekara arba'in ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Ƙanen mahaifiyata ruwa ne ya ci shi tun kafin a haife ni, shi ya sa ta kafa mini doka. Abokaina suna tsalle daga kan kwalekwale, ni ina bakin gaɓa ina gadin rigunansu. Da na zo Amurka na zama mai haɗa magunguna, na yi aure, na yi gida a Lanham, sai wannan sirri ya kwanta abinsa, ba mai tambaya.

Wata Asabar a ƙarshen sanyi muka je walimar suna gidan abokina Dakta Bashir a Mitchellville. Bazazzagi ne, likitan zuciya, mutum mai son shirya tafiya fiye da yadda yake son tafiyar kanta. Bayan an ci an sha ya fito da hotunan wani gari a kudancin Turkiyya: ruwa shuɗi garau, farin rairayi, duwatsu masu itatuwa a baya, mutane kan babur ɗin ruwa, wasu a tsaye kan allo suna tuƙawa. Ya ce idan an yi hutun bazara iyalinsa da nawa mu je. Wani ya tambaya cikin raha wa zai tsamo mu idan mun nutse, tunda duk 'yan tudu ne. Dakta ya nuna ni da cokali ya ce ai muna da ɗan Yauri.

A nan ya kamata in yi dariya in faɗi gaskiya. Maimakon haka sai na gyara zama. Na ce lokacin da nake yaro, da iyo nake haye Kwara in tafi makaranta, kayan makarantar a ɗaure bisa kaina. (Makarantarmu tana bayan gidanmu, ko kwata ba na tsallakewa.) Da na ga ido ya dawo kaina sai na ƙara da cewa na taɓa kama giwan ruwa da hannu. Surukata, Hajiya, wadda ta zo daga gida ganin jikoki, tana can gefe cikin mata tana jin komai. 

A hanyar komawa gida na lissafa, saura wata huɗu. Na ce wa kaina mutumin da ya ci jarrabawar haɗa magunguna a ƙasar nan da Turancin Yauri, ruwa ba zai gagare shi ba. Ƙarya ce na yi, amma zan mayar da ita gaskiya kafin jirgi ya tashi.

Na yi rajista a wani wurin koyon iyo na gunduma, ajin ƙarfe shida na safe, don in gama in wuce aiki Wheaton ba wanda ya sani. Ranar farko na tarar ni kaɗai ne namiji. Sauran duk tsofaffin mata ne da suka yi ritaya, kowacce da hular roba. Malamarmu, Madam Loreta, tsohuwar malamar makaranta ce mai muryar da ba a yi mata gardama. Ta tambaye ni ko na taɓa iyo, na ce na ɗan kwana biyu ban yi ba. Ta ce to in sa fuskata a ruwa in hura. Na sa, na shaƙa maimakon in hura, na ɗago ina tari kamar zan amayar da huhuna. Wata tsohuwa da ta girmi mahaifiyata ta dinga bubbuga mini baya tana cewa kowa da haka ya fara.

Ban fasa ba. Sau uku a sati, ko ana ruwa ko ana iska. Sati biyu na yi ina riƙe da bango ina harba ƙafa. Wata guda kafin in yarda in kwanta rigingine. Ranar da na fara haye wurin daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da na taɓa ƙasa ba, tsofaffin nan suka tafa mini, ni kuwa na fito ina ji kamar an ba ni wani digirin.

Matata Rabi ce ta fara gano ni. Ta tsinci jiƙaƙƙen gajeren wando a bayan mota, ga idanuna kullum jajaye. Da ta tsare ni na faɗa mata komai, har da dokar mahaifiyata. Ta yi dariya har ta zauna. Ta ce, "Abban Hanifa, ka gaya wa Dakta gaskiya kawai. Teku ba wurin wankan gunduma ba ne." Na ce mata na riga na yi nisa, kuma na iya. Na roƙe ta kada Hajiya ta ji.

Dole in yi wa garin nan adalci, ya fi hotunansa kyau. Rana tana fitowa tas, iska mai ɗan gishiri, ruwan kuwa kana ganin ƙananan kifaye suna wasa a ƙasansa. Otal ɗinmu yana kallon gaɓa, da safe ga zaitun da cuku da burodi mai zafi. Yara suka shige ruwa tun ranar farko. Hajiya aka kafa mata kujera a daidai inda igiyar ruwa ke ƙarewa, tana sanye da hijabinta har ƙasa, ta miƙa ƙafafu ruwan gishiri yana wanke mata ciwon gwiwa.

Ni kuwa ga matsala biyu. Ta farko, tekun ba shi da bango. Ta biyu, tunda na auri Rabi, Hajiya ba ta taɓa ganina ba hula ba, balle da gajeren wando. Ko abinci ba na ci a gabanta. Na yi kwana biyu ina zaune ƙarƙashin lema da doguwar riga ina cewa ina nazarin yanayin ruwan ne tukuna, don ɗan kogi ba ya faɗa wa ruwan da bai sani ba. Dakta Bashir, wanda shi ko kunya bai ji ba ya ɗaura rigar ceto yana fantsama kamar agwagwa, ya ce idan nazarin ya ƙare a sanar da shi zai kawo kyamara.

Rana ta uku na ce yau ce. Na zaɓi allon nan da ake tsayawa a kai ana tuƙawa da filafili, don na lura masu hawansa ba sa jiƙewa. Mai ba da hayar ya ɗaura mini igiyar allon a idon sawu, sannan ya miƙo mini rigar ceto. Na waiga na ga Dakta da kyamara, ga matarsa, ga Rabi, ga yara. Na ɗaga hannu na ce ba na bukata. (Rabi ta rufe ido. Na gani.)

Da farko abin ya yi kyau. Na durƙusa, na miƙe, na tsaya. Na fara tuƙi. Mai ba da hayar ya ce in dinga kallon gaba, ni kuwa ban iya ɗauke ido daga ƙafafuna ba. Na yi ta tuƙi da iyakar ƙarfina, gumi yana zuba, har hayaniyar bakin gaɓa ta fita daga kaina. A lissafina na kusa rabin hanyar Masar. Abin da ban sani ba shi ne gefe ɗaya kawai nake tuƙawa, iska kuma tana turo ni, saboda haka kewaye na yi na dawo daf da gaɓa, ƙasa kaɗan da inda na tashi.

Sai wani babur ɗin ruwa ya wuce can nesa, ya aiko da igiyar ruwa. Allon ya yi gabas, ni na yi yamma.

Duk abin da Madam Loreta ta koya mini cikin wata huɗu ya tsaya a Maryland. Gishiri ya shiga idona na runtse. Na buɗe baki, teku ya shiga. Sai na ji wani abu ya riƙe ƙafata yana ja (igiyar allon ce), a take na tuna kawuna da ban taɓa gani ba, na ce shi ke nan, abin da mahaifiyata ta guda ya biyo ni har Turkiyya. Na naɗe ƙafafuna sama don kada abin ya ja ni ƙasa, ina dukan ruwa da hannu biyu. Duk lokacin da kaina ya fito sai in saki magana. Na yi kalmar shahada. Na ce a gaya wa Rabi ta yafe mini. Sannan, da muryar da na tabbata an ji ta a otal, na ce, "Ban iya ruwa ba! Ƙarya na yi, ban taɓa haye Kwara ba!"

Hannuna ya taɓa wani abu, na cafke. Na rungume shi da hannu da ƙafa kamar yadda biri ke rungumar itace, na kifa kaina a kansa ina haki. Na ji yadi ne, na ce a raina masu ceton ƙasar nan da kaya suke shiga ruwa. Sai na ji ƙamshin turaren wuta.

"Baban Hanifa," aka ce a hankali, da Hausa. "Sauke ƙafarka ƙasa."

Na buɗe ido. Hajiya ce. Tana tsaye da hijabinta, ruwan iyakar ƙugunta, carbinta ma yana hannu. Na sauke ƙafa ɗaya, na ji yashi. Na sauke ɗayar. Na miƙe tsaye, ruwan ko cibiyata bai rufe ba. Kujerarta tana nan bayanta, taku goma bai cika ba. Kusa da mu wata Baturiya tana tsaye da jaririnta a cikin ruwan tana kallona da tausayi.

Abin da na yi daga nan shi ya fi damuna har yau. Sai na rusuna a cikin ruwan, ba riga, ba hula, na ce, "Hajiya, ina wuni?" Ta ce lafiya lau, ya gajiya. Ta juya ta koma kujerarta tana matse hijabi. Dakta Bashir kuwa ya zauna daɓas a kan rairayi, dariya ta hana shi numfashi, kyamarar tana ta aiki.

Ban sauko cin abincin rana ba. Na kulle kaina a ɗaki ina duba ko akwai jirgin da zai tashi da yamma. Bayan la'asar Rabi ta shigo ta ce Hajiya tana kira. Na sa babbar riga da hula, a bakin teku, na je na tsuguna nesa da kujerarta ina kallon ƙasa.

Ba ta yi dariya ba, kuma ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita a Argungu ta tashi kafin a kai ta Kano, tun tana ƙarama take iyo, kuma tun ranar walima ta san ban iya ba, don wanda ya san kogi ba ya ba da labarinsa da murmushi haka. Na gaya mata zancen kawuna da dokar mahaifiyata.  Sannan ta ce mahaifiyata ta yi abin da kowace uwa za ta yi, amma yanzu ni ma uba ne, 'ya'yana suna cikin ruwa tun safe, idan wani abu ya faru wa zai shiga? Ta ce, "Gobe ka sa rigar nan da ka ƙi. Zan zauna a nan."

Haka aka yi. Kwana huɗun da suka rage, kowace safiya ina cikin ruwa da rigar ceto ruwan lemo, surukata tana kan kujera tana ba da umarni ba tare da ta dube ni kai tsaye ba. Sai ta ce wa Rabi, "Gaya masa ya daina faɗa da ruwan." Rabi ta gaya mini, alhali ina ji. Na sha gishiri, na faɗo daga allon nan ya fi a ƙirga, amma ban sake kiran kowa ya yafe mini ba. Ranar ƙarshe na tuƙa har inda aka sa alamar iyakar masu wanka, na juyo, na dawo a tsaye. Da na iso gaɓa na cire rigar na yi iyo na ɗan taƙi, ni kaɗai, ido a buɗe. Hajiya ta ce wa Rabi, "Ya yi."

Kafin mu sauka filin jirgi bidiyon ya riga mu isa. Dakta ya rantse mutum uku kawai ya tura wa. Jumma'ar farko da na je masallaci, wani dattijo da ban taɓa magana da shi ba ya riƙe hannuna ya ce, "Sarkin Ruwa, an dawo lafiya?" Sunan ya zauna. Akwai yaran da aka haifa a nan da suka ɗauka sarauta ce ta gaske.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan har sai ka yi cika baki a gidan walima, ka zaɓi abin da abokinka ba zai iya sayen tikitin jirgi ya gwada ka a kai ba. Kuma duk ranar da ka ji kana nutsewa, kafin ka fara wasiyya da tona asirin kanka, ka ɗan taɓa ƙasa da ƙafa tukuna.