Maganin Yoyon da Babu Shi

Yau da safe wani mai babur ya zo in sauya masa baƙin mai, na laluba ƙarƙashin benci ban ga mazurarina ba. Na nemi tiyon da nake wanke kaca da shi, shi ma ya yi ƙafa. Haka na tsiyaya man da gwangwani, rabi a inji rabi a takalmin mutumin, ya tafi yana yi mini addu'ar da ba a cewa amin. Ɓarauniyar kuwa a gidana take kwana. Auta ce, 'yata ta aji huɗu.

Abin ya samo asali ne daga malamarsu, baiwar Allah mai son aikinta fiye da yadda aikin ke sonta. Ta raba yaran rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni ya ƙirƙiro abin da zai magance wata matsala da suke gani da idonsu, kuma ya shirya masa talla. Su Auta ba su sha wahalar nema ba, kai kawai suka ɗaga. Rufin ajinsu, in kana ciki da rana, sai ka rantse taurari ne suka fito.

Ita da ɗan tela maƙwabcinmu da wata da ake kira Rediyo saboda surutu suka tsage gorunan roba, suka jera su kamar indararo, suka rataye da waya a ƙarƙashin hujojin rufin. Ruwan ya gangara cikin mazurarina, ya bi tiyona ta taga, ya faɗa bokitin uwar Auta. Suka raɗa masa suna Sha-Yoyo. Rediyo ta haɗa tallan: "Ajinku na yoyo? Littafinku na jiƙewa? Ga Sha-Yoyo, ku zauna a bushe!" Har a banɗaki Auta take rera shi. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na ce wa tela, "Maƙwabci, mun haifi injiniyoyi." Ya ce, "To, mu fara nema musu aikin tura baro tun yanzu."

Sai labari ya zo cewa Mai Girma Uban Almakashi, wanda ba ya wuce ƙyallen buɗe aiki bai yanka ba, shi zai zo ya zaɓi gwanaye. Hedimasta ya zo duba shiri, ya ji tallan, gumi ya keto masa. Dalili kuwa, a ƙofar makarantar akwai wani ƙaton allon ƙarfe mai hoton Mai Girma yana murmushi, an rubuta cewa an sabunta rufin makarantar baki ɗaya. Tunda allo ya faɗa, magana ta ƙare. Ruwan da ke zuba a kan yara bai iya karatu ba ne kawai.

Hedimasta ya ce, "Malama, abin ya yi kyau, amma a cire maganar yoyo."

Malama ta ce, "Yallaɓai, ai maganin yoyo ne."

"A tallata maganin, a bar cutar. Ni ma ina da iyali."

Ranar taro na rufe shago na tafi. An shafa wa bangon gaba fenti, an liƙe silin da fararen takardu, an shimfiɗa Sha-Yoyo a kan tebur kamar gawa. Mai Girma ya iso bayan yara sun gaji da tsayuwa, motoci na bin sa kamar za a kwashe makarantar. Ya tsaya gaban su Auta, ya taɓa mazurarina da ɗan yatsa.

"Yarinya, wannan na mene ne?"

Auta ta dubi Malama, Malama ta dubi ƙasa. Auta ta dubi Hedimasta, ya zaro mata ido. Rediyo, wadda ko barci take bakinta na motsi, ta laɓe a bayan ɗan tela. Sai na ji 'yata ta ce da wata 'yar murya, "Na ado ne, ranka ya daɗe."

Jama'a, raina ya ɓaci. Na tura yarinya makaranta ta koyi ƙirƙira da talla, an haɗa mata da darasi na uku wanda ba ya cikin manhaja, kuma a gabana ta ci jarrabawarsa.

Rukunin da ya yi nasara kwali suka kawo, an naɗe shi da takarda mai ƙyalli, an rubuta Injin Ci Gaba. Mai Girma ya tambayi abin da ke ciki. Shugabansu ya ce kayan cikin suna hanya, injin zai fara aiki nan ba da jimawa ba, a yanzu dai ga ƙyalle a yanka. Mai Girma ya miƙe tsaye ya tafa, har da share ƙwalla. Ya ce waɗannan su ne shugabannin gobe. A duk jawabinsa, nan kaɗai na gaskata shi.

Auta ba ta ci abinci ba ranar. Ta ce, "Baba, ai ba na ado ba ne." Na ce na sani. Ta ce, "To me ya sa kai ma ba ka faɗa ba?" Na tashi na kama gyaran fitilar da lafiyarta lau.

Shekaranjiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Takardun silin suka sauko a kan yara, Injin Ci Gaba ya narke a kusurwa. Ajin su Auta kaɗai ya yi karatu, don Malama ta mayar da Sha-Yoyo wurinsa. Jiya sai ga Hedimasta ya kira Auta gefe, hularsa a jiƙe, yana tambaya ko za su haɗa masa guda a ofis. Sharaɗinsa ɗaya, kada baƙi su gani. Wannan odar ce ta cinye sabon mazurarin da na saya da guntun tiyon da ya rage mini.

Ɗazu ta dawo ta rera mini sabon tallan da suka shirya: "Sha-Yoyo! Yana maganin abin da babu shi, kuma ana cire shi da sauri idan manya za su zo!"

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na ce ta ci abinci. Amma kada a ce ba na yabon gwamnati. Wancan allon na ƙofar makaranta ƙarfe ne mai kauri, ko ɗigo ba ya yi. In an cire shi an kwantar a saman aji huɗu, sai ya zama alkawari na farko da ya taɓa rufe wani abu.