Ranar da Na Kulle Iska a Jarka

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a aikin koyarwa ba. Kimiyya nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare can bayan Tofa, ba ɗakin gwaje-gwaje, daga allo sai bakina. Da aka ce wani Alhaji ɗan garin, mai sayar da hatsi a Dawanau, zai zo taron iyaye, kuma yana da niyyar gina mana ɗakin, sai na ce wa shugaban makaranta ya bar min komai. Da hannuna zan haɗa iskar oksijin, in rura garwashi da ita a gaban jama'a.

Kayan ba su da tsada: haidirojin na wanke ciwo daga kemis, sai yis ɗin da Inna ke yin fanke da shi. A gida na gwada a kwalba, na zura tsinken tsintsiya mai garwashi, ya kama ɓal. Inna ta ce, "Ke dai kar ki ƙona min ɗaki." (Na yi mata murmushin 'yan boko.)

Ranar taro sai zalama ta kama ni, kwalba ta yi min kaɗan. Na ɗauko wata jarka a ofis, na juye komai ciki, na ɗaure murfin tamau don kada iskar ta gudu kafin a gama jawabai. Jawabai kuwa suka ƙi ƙarewa. Jarka tana kumbura a ƙarƙashin tebur, ni ina can ina gyaran mayafi.

Da aka kira ni, na dire ta gaban manyan baƙi. Na ce, "Alhaji, matso ka ga ikon Allah."

Ya matso. Na murɗa murfin.

Fuuu! Murfi ya yi sama, kumfa ta biyo shi. Ashe jarkar sabulun ruwa ce! Kumfar ta wanke Alhaji tun daga hula har takalmi. Dagaci ya yi tsalle ya bar sandarsa, mata suna salati, ɗalibaina kuwa har da masu faɗuwa don dariya.

Alhaji ya share gemunsa a hankali, ya ce, "Malama, ita ce iskar?"

Na ce da 'yar murya, "Tana ciki, Alhaji."

Ya dubi shugaba. "Lallai a gina ɗakin nan. Amma a kai shi nesa da mutane."

An gina kuwa, can bakin gonaki. Ni kuma har yau Malama Kumfa ake ce min, har a gidan suna. Tun daga ranar na gane abin da ya yi kyau a kwalba a bar shi a kwalba. In kuma rawar kai ta zama dole, to a fara shinshina jarkar.