Wasiƙar Jatau Zuwa Fatakwal

Ranar Talata, 14 ga Yuli, 1987, gari ya waye da yayyafi, Malama Delu ta zaunar da ƙanenta Jatau za ta koya masa tsara wasiƙa. Gemunsa har ya fara furfura, amma abin da aka faɗa masa, shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan da Innarsu, wadda ke ɗokin ganin babban ɗanta Haladu. Shekara huɗu yana Fatakwal, ya yi fushi ya ƙi zuwa.

"Komai bi da bi," in ji Delu. "Da farko, sannan, bayan haka, daga ƙarshe."

Wata rana Jatau ya shigo a guje yana haki. "Yaya! Da farko na tashi. Sannan na sha koko. Bayan haka na gaida Liman, ya ce a gaishe ki..."

"Daga ƙarshe fa?"

"Akuyarki ta faɗa rijiya!"

Da ƙyar aka ciro ta da rai. Delu ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka! In abu na gaggawa ne, fara da na ƙarshe."

Wata rana baƙi suka yi sallama ba zato. Delu ta rubuta masa yadda ake dafa shinkafa, ta ce ya hanzarta. Jatau ya duba layin ƙasa: "Daga ƙarshe ka kashe wuta." Ya sheƙa wa murhu bokitin ruwa, ya fito yana murna. Baƙi suka sha fura.

Wata rana ciwon Inna ya tashi. Ciwon hannu ya hana Delu riƙe biro, ta ce, "Rubuta wa Yaya Haladu. Da farko gaisuwa. Sannan ka lissafa masa laifinsa duka. Bayan haka ka ce ya kunyata mu a gari. Daga ƙarshe ka ce Inna na kiran sunansa, ya zo gida. Maza, motar gidan waya za ta tashi!"

Jatau ya yi layi ɗaya, ya liƙe ambulan, ya zura a guje. Ya dawo yana tsalle.

"Na jefa, Yaya! Na ƙarshen kawai na samu na rubuta. Gobe in aika laifuffukan?"

Delu ta dubi ɗakin Inna.

"A'a," ta ce. "Wannan ta isa."