Ɗigo Uku a Gurbin Mutum Bakwai

Ndakotsu maƙaryaci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Duk ƙaryar da zai shara sai ya rataya ta a wuyan mamaci, ya ce "in ji marigayi wane", don ya san na kabari ba ya musu. Mutumin Bida ne, tsohon leburan layin dogo, gida ɗaya muka zauna da shi a Limawa. Wata Asabar a 1984, rana tsaka, yana kishingiɗe gindin mangwaro ina tsintar shinkafa a ƙofar ɗakina, jikarsa Sakinatu, ɗalibar kwalejin horon malamai, ta faɗo gidan da takardu a hannu.

"...lafiya lau, sai gwiwar nan," in ji shi. "Amarya, yau ma hannu rabbana kika zo wa ango?"

"Angon da haƙorinsa uku, biyu na lilo? Tsarabar jan biro na kawo maka. Duba abin da ka ja mini."

"Ni na ce ki yi boko?"

"Maƙalar da na rubuta ce a kan waƙar leburorin dogo, wadda ka rera mini. Malam Kambai ya ce ƙirƙirar baitin na yi. Ga shi nan ya rubuta: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In ban kai masa shaida ran Litinin ba, sifili ne, in maimaita shekara."

"Ki ce masa in ji marigayi."

"Wanne daga ciki? Duk maƙabartar Minna shaidunka ne."

"Yarinya, kunne ya girmi kaka."

"Naka kunnen har gaskiya ya girma."

"To karanto in ji, mai bakin reza. Waƙa dai a bakin mai ita ta fi daɗi."

Ta buɗe takarda ta karanta:

"Ɗaga ƙarfe, ƙarfe ba shi da uwa,
Rana ta ci baya, jirgi bai san mu ba...

Sai ɗigo uku, na rufe zance."

"Wane ne ɗigo uku? Ba mu yi aiki da shi ba."

"Ka ga jahilci ko? In ka ɗauko zancen wani don kafa hujja, abin da zai amfane ka kake ɗauka, ragowar ka sa ɗigo uku a gurbinsa. Ni so nake in nuna leburori sun san ba a damu da su ba. Jerin sunayen nan na ƙarshe ba ruwansa da hujjata, na cire."

Tsohon ya daina tauna goro.

"Ashe ke ce."

"Ni ce me?"

"Yau kwana tara suna zuwa. Daidai war haka, su jeru a kan katangar can, ƙafafu na reto. Ba sallama, ba magana. Ni na ɗauka goro suke so."

"Su wa?"

"Mu takwas ne a ƙungiyarmu. Duk wanda ya mutu sai mu ƙara sunansa a wutsiyar waƙar. Da ita muke ɗaga ƙarfe, kuma ba a saukewa sai an kai sunan ƙarshe. Ke kin rera kin tsaya a tsakiya, kin bar su riƙe da kaya. Mutum bakwai kika sallama da ɗigo uku. Ko Bature bai yi mana wannan wulaƙanci ba."

"Ƙadangaru ka gani, tsoho. Idon da ya ɗauki turmi ya ce baƙo ne, har ya yi masa sannu da zuwa?"

Na ɗaga kai na dubi katangar. Ko ƙadangare ɗaya babu. Kajina da kullum suke kwanciya a inuwarta sun koma tsakiyar rana sun takure wuri ɗaya. Na ci gaba da tsintar shinkafata.

Sakinatu ta ƙirga wani abu da yatsu, muryarta ta yi ƙasa. "Yau kwana tara da na miƙa maƙalar." Sai ta yi maza ta ɗaga murya. "A bakin Inna ka ji! Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Uwarki rabona da ita tun ƙaramar salla. Amma juya ki gaishe su, ga Sanda yana kallon ƙeyarki."

"Ba zan juya ba."

"Tsoro?"

"Wuyana ke ciwo, auren tsoho ya tsufar da ni. Faɗo sunayen in rubuta, in ya so su sauke kayansu su ba mu wuri."

Ya gyara zama, ya rufe ido, ya rera baitin tun daga farko, sannan ya shiga sunaye a hankali, tana rubutawa: Sanda, Mika'ilu, Mudi, Kudu, Ndako, Alfa, Shaba. Ya mayar da goro baki. Biro ɗinta bai tsaya ba sai da ya ƙara kalma ɗaya.

"Takwas ka faɗa."

"Bakwai."

"Ga shi na rubuta. Ndakotsu."

"Ni da sunana, ina zaune ina cin goro?" Ya juyo wajena. "Barira, nawa kika ji?"

Na ce shinkafa nake tsinta. Takwas na ji, kuma na takwas ɗin ba daga gindin mangwaro ya fito ba.

Ya daɗe yana kallon katangar. Can sai ya fashe da dariya har da tari.

"Sanda ne! Bai taɓa iya jira ba, tuwo ma da zafinsa yake haɗiya. Kai, ku bari yarinya ta gama makaranta mana!" Ya share hawaye. "Kin ci, amarya, na sallama."

Ya zaro wani tsohon kati daga cikin hularsa, na shaidar aikin dogo, da hotonsa yana saurayi, ya miƙa mata.

"Kai wa malaminki. Ki rubuta mai waƙa Ndakotsu, a Limawa, yau Asabar, ki sa baitin cikakke. In bai yarda ba ya zo, amma ya zo da safe."

"Na takwas ɗin fa? In soke?"

"Kada ki soke, kuma kada ki sa mini ɗigo. Ki sake rubuta shi da fensir. Ranar da aka kai ni, ki bi kansa da biro. Malam Kambai kuwa ki roƙe shi, in zai karanta a aji, ya tsaya a kan Shaba."