Safar Hannu Mai Aljihu

Shekara biyu ina saƙa, kuma a ganina duk Tasawa babu mai riƙe kwarashi kamata. Safa uku marasa 'yan'uwa na kwance cikin kwando, amma da ɗari ya matso sai na ce surukina, Baba na garin Maijirgi, zan yi wa safar hannu. Maigidana ya ce in auna da hannunsa, na ce masu koyo ke awo.

Ranar da muka kai, na durƙusa na miƙa, kaina a ƙasa. Baba ya zura hannun dama, yatsu biyar suka shige, yatsa na shidda na safar ya rage yana lilo. Na ce a raina shi ke nan, na mai da surukina cindo a gaban iyalinsa.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauko ɓarin goro ya cusa a cikin yatsan na shidda.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Har da aljihu."

Sai lokacin na ɗago kaina.

Har yau Uwar Cindo ƙannen mijina ke ce mini, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ɗaga hannu ya ce in ƙirga masa.