Tantin Wankan Alhaji Mala

Alhaji Mala Babarbare ne mazaunin Kano, dillalin huluna, ga tsawo ga tumbi, ga son a ce ya san zamani. Shi da abokansa suna da wata al'ada: in kasuwa ta yi sanyi sai su cika mota da kaya su tafi bakin wani dam, su kafa tantuna, su kama kifi su gasa, su sha iska su dawo. Komai na tafiyar nan yana yi wa Alhaji daɗi, ban da wanka. Sauran tuɓewa suke yi su faɗa ruwa kamar yara, shi kuwa yana ganin girmansa ya wuce a ga tumbinsa a fili. Sai dai ya laɓe a bayan mota da buta, yana watsa ruwa yana waige-waige kamar ɓarawon kaza.

Ana shirin wata tafiyar sai ya ji labarin wai akwai tanti na wanka kawai, ɗan siriri kamar ɗakin mai gadi. Bai yi wata-wata ba ya nemi shagon. Mai shago ya fito masa da iri biyu.

"Alhaji, wannan mai sandunan ƙarfe ne. Yana da nauyi, haɗa shi sai da haƙuri, amma in ya tsaya ya tsaya. Wannan kuwa, ja da baya kaɗan."

Ya zaro wani abu mai kama da ƙaton faifai daga jaka, ya wurga shi ƙasa. Fat! Sai ga ɗaki ya miƙe tsaye da kansa.

Alhaji ya yi tsalle gefe yana salati, sannan ya fashe da dariya. Ya shiga ciki ya ja zif, ya ɗaga hannuwa, ya juya dama da hagu, ya tsuguna ya miƙe. Tantin ya ɗauke shi tsaf, har da sauran wuri. Ga aljihun sabulu, ga igiyar rataye tufafi, ga 'yar taga a sama. Ƙasan kuma a buɗe yake don ruwa ya wuce.

"Wannan nake so," in ji shi daga ciki.

"To ga turakunsa da igiyoyi. Ka kafe kowace kusurwa, in wurin yashi ne ka ɗora duwatsu. Abin nan ba ya shiri da iska."

"Kai dai mayar min da shi jaka."

Sun isa bakin dam rana ta yi sanyi. Ba a gama sauke kaya ba Alhaji ya tara jama'a, ya hau kan wani ɗan tudu inda kowa zai gani, ya wurga faifansa. Fat! Aka yi ta mamaki ana shafa shi. Alhaji ya ce a shafa dai, amma shiga sai mai shi.

Amininsa Tanimu, wani tela mai yawan tsokana, ya kewaya tantin ya dubi sama.

"Mala, ka mayar da shi bayan itacen can. Nan fa hanyar mutanen ruga ce. Kuma ka ga gabas ta fara haɗe rai. Ina turakun?"

"Suna mota."

"Ɗauko mana in buga maka."

"Akuya ce da zan ɗaure ta a turke? Yanzu zan shiga, yanzu zan fito. Hassada ce ke damunka, Tanimu, je ka faɗa tafkinku."

Ya ɗebo ruwa a bokiti ya shige ya ja zif. Ya rataye riga da wando da tawul a igiyar ciki, ya ɗora hularsa a kansu. Wani daɗi ya kama shi. Yau ga shi a tsakiyar daji yana wanka kamar a gidansa, ba waige, ba sauri. Har da 'yar waƙa. Ya murza sabulu ya game jiki da kumfa tun daga ƙafa har fuska, ya rufe ido yana dirzar ƙeya.

Sai ya ji tantin ya girgiza.

"Tanimu, ka bari! Ba na son wasan banza."

Ya sake girgiza, ya fi na farko.

"Wallahi in na fito ba za ka ji daɗi ba!"

Daga nan sai ya ji wani sanyi ya ratsa shi ta ko'ina, haske kuma ya cika masa ido ta cikin kumfa. Ya sa bayan hannu ya share. Ba bango, ba rufi, sai sararin Allah. Iskar hadari ta cire tantin ta kansa kamar an cire hula, ga shi can yana tuntsura gudun-gudun ya nufi gonakin mutane, da rigar da wandon da tawul ɗin duk a cikinsa. Tanimu ya bi shi da gudu, dariya na kayar da shi. Sauran abokan kuwa ko tashi sun kasa, suna kwance suna riƙe da ciki.

Alhaji ya durƙushe ya jawo bokiti gabansa. To ina bokiti ina Alhaji Mala? Abin da ya rufe bai kai abin da ya bari ba.

Yana cikin wannan hali sai ga wata tsohuwar Bafillatana ta ɓullo ta hanyar, da ƙwaryar nono a ka. Ta ja ta tsaya. Ta dubi tantin da ke gudu, ta dubi mutumin da ke tsugune, ta hango tsagen Barebari a tsakanin kumfa. Ta ga abokin wasa ya faɗo hannu.

"Sannu da aiki, Babarbare."

"Inna, don girman Allah ki wuce."

"Nono ne mai kyau, ba ka saye?"

"Ki wuce na ce! Ashe kunyar da ake cewa Fulani na da ita ƙarya ce? Kin tsaya kin zuba min ido!"

Tsohuwa ta gyara zaman ƙwaryarta, ta nuna gonaki da haɓa.

"Ai ni na yi jarumta da na tsaya, ɗan nan. Ɗakin da ya riga ni ganinka, ga shi can har yanzu bai daina gudu ba."