Na'urarmu Ta Ba Kanta Shaida

Jiya da jarka a hannu na wuni a layin mai, kuma ba ni da mota. Wata tsohuwar kwamfuta ce ta aike ni, wadda ke zaune ƙarƙashin tebur a ofishin ƙungiyarmu ta kafintoci. Ita ce gidan wayarmu, duk imel ɗin da zai fita ko ya shigo ta cikinta yake bi. Shugabanmu ne ya dage a ajiye ta nan, wai sirrin kafinta ba ya kwana a gidan wani. Sirrin kuwa bai wuce inda muke sayo ƙusa ba.

Ga yadda aka yi. Masu Girma Masu Gyaran Gari sun shafa wa rumfarmu jan fenti, za a rushe. Saboda tausayinsu suka ce mai ƙorafi ya rubuto kafin Alhamis, amma ta imel kaɗai, domin an ci gaba. Muka aika wasiƙa, ta dawo. Muka sake, ta riga mu dawowa.

Na kira babbar 'yata, wadda gyaran irin waɗannan na'urori ne sana'arta. Ta duba ta ce, "Baba, shaidar tsaronta ce ba a yarda da ita ba. Wa ya sa mata hannu?"

Shugaba ya gyara hula. "Ita da kanta. Wanda ya haɗa mana ya ce hakan ya fi sauƙi."

"Wato ita ta ce ita mutuniyar kirki ce, ita ta sa hannu, ita ta buga hatimi? Kawu, wa zai karɓa?"

Ni dai ban ga aibu ba. Haka muka tashi muka ga manya na yi: su gina gada ta faɗi, su naɗa kansu su bincika, su wanke kansu tas, a kira mu mu tafa. Ashe a duniyar na'urori ba a san wannan wayewar ba.

Ta ce sai wani daga waje ya ƙwanƙwasa wa na'urar ta intanet, ya tabbatar ita ce, sannan ya ba ta shaida. Sharaɗi ɗaya, ya same ta a farke. Wuta kuwa rabonmu da ita tun ranar da aka yi bikin cewa ta zauna. Abin da ya kai ni layi neman man janareta ke nan.

A layin man dizal da ke gefenmu wani ƙato ya dubi 'yar jarkata. "Dattijo, me kake tuƙawa?"

"Wasiƙa. Kai fa?"

"Katafila. Akwai wata rumfar kafintoci da ke jirana."

Na ce Allah ya taimaka. Ban faɗi wanda zai taimaka wa ba.

Na kawo mai, janareta ya tashi, 'yata ta koma shagonta tana aikin daga can. Can sai ga waya. "Baba, an ƙwanƙwasa ba kowa!" Na leƙa ƙarƙashin tebur. Ashe Shugaba ya zare wayar wutar na'urar ya jona butar shayi, ya kuma lulluɓe na'urar da zani saboda garin katako, kamar yadda yake yi kullum idan an tashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙonta ya zo ya koma." Ya ce baƙon da ba ya jiran shayi ba shi da tarbiyya.

Muka jona, aka sake ƙwanƙwasawa, shaida ta fito, aka liƙa mata. Sai kuma tamu, da ta zama mai mutunci, ta ƙi miƙa wasiƙar. Wai shaidar na'urar Masu Girma ta daɗe da mutuwa, kuma ko da ranta su suka sa wa kansu hannu.

"Baba, in ce mata ta rufe ido ta miƙa?"

"Ce mata, 'yar nan. Mu ma da haka muka yi furfura."

Wasiƙa ta shiga Laraba da la'asar. Amsa shiru. Amma yau Alhamis rumfa na tsaye, saboda na bi ta gidan mai da safe na ga ƙaton nan inda na bar shi, ya kifa jarka ya zauna a kanta. Masu rabon mai, kada ku gaji, ku ɗore a haka.